NANA ASMA'U 'YAR SHEHU, UWAR 'YAN TARU

A filinmu na tarihin magabata na wannan fitowa mun ɗauko muku Nana Asma'u, 'yar Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansu. Ɗalibai da yawa sun san sunanta a jikin makarantu da ɗakunan karatu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne aikin da ta yi wa matan da yaƙi ya bari da firgici da baƙin ciki, da yadda ta horar da wasu mata su tafi ƙauyuka su yi musu magana. Muna roƙon ɗalibai su karanta wa iyayensu mata wannan shafi a gida.

An haife ta a Ɗegel, ƙasar Gobir, a shekarar 1793, watau 1208 bayan Hijira. Sunan mahaifiyarta Maimuna. 'Yan biyu ne ita da ɗan'uwanta Hassan, amma maimakon Hussaina da aka saba, sai Shehu ya raɗa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar (R.A.). A gidan Shehu mata na karatu kamar yadda maza ke yi, don haka ta haddace Alƙur'ani, ta ƙware a Larabci da Fillanci da Hausa, har ta taɓa harshen Buzaye.

Ba ta wuce shekara 11 ba lokacin da zama ya gagara tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Fabrairu 1804 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Ku ƙiyasta, ya ku 'yan aji huɗu, sa'arku ce fa a lokacin. Aka yi nasara a Tabkin Kwatto, amma kafin shekarar ta fita aka gamu da masifar Tsuntsuwa, inda aka rasa kimanin mutum 2,000, cikinsu mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Sai yunwa da ciwo suka biyo baya, ana ta ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan, aka bi ta Zamfara har aka isa Gwandu a 1805, a shekarar kuma aka sake shan wuya a Alwasa. Yarinyar nan tana cikin mata tana kallo. Ta ga matar da aka kawo wa labarin mijinta, ta ga goyon da ya mutu a bayan uwarsa don ba abinci. A ganina duk wanda bai fara da waɗannan shekaru ba, ba zai gane sauran aikinta ba.

Wajen 1807 ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Alƙalawa ta faɗi a 1808, shekarar da Malam Musa ya shiga Zariya da tutar Shehu, ƙasarmu ta Zazzau ta shiga cikin daular. Shehu ya rasu a 1817, amma ya bar wa 'yarsa hujja a hannu. A littafinsa Nurul Albab ya soki malaman da ke tara almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna mora su kamar kayan aikin gida da ake yarwa in sun lalace. Wannan, a wajen Shehu, zalunci ne. Mu malamai ya kamata mu fi kowa jin nauyin wannan magana, don mu aka ambata.

To, yaƙi bai ƙare da faɗuwar Alƙalawa ba. Har a 1836 sai da Bello ya fita ya gwabza da Gobirawa da abokansu a Gawakuke. Kowane yaƙi yana barin zawarawa da marayu, yana kuma kawo ribatattun mata, waɗanda aka raba da garuruwansu da danginsu aka shigar da su gidajen waɗanda suka ci su da yaƙi. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne, haka zamanin yake. Irin wannan mace ba ta iya barci, ƙaramin motsi ya razana ta, ta zauna shiru ba ta ci ba ta sha. Abin da ta sani tun a gida shi ne bori, don can ne ake saurarenta, a kira ciwon nata da suna, a yi mata girka. Asma'u ta ƙi bori, ta kuma yi gargaɗi a kansa cikin waƙoƙinta. Amma ta gane cewa in ka ƙwace wa mai ciwo sandar da yake dogarawa, dole ka miƙa masa wata.

A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan da Larabci, inda ta tattara falalar surorin Alƙur'ani da abin da aka ruwaito na neman waraka da su. Abin lura shi ne ba ciwon jiki kaɗai ta lissafa ba. Ta sa tsoro da damuwa da ƙuncin rai a layi ɗaya da ciwon kai da wahalar naƙuda. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajen malaman Musulunci. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya riga ya yi littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, har ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi, da wanda yake saukowa haka kawai ba dalili, ya ce na biyun yana bukatar maganin likita.

Amma littafin Larabci na malamai ne, matar ƙauye ba za ta karanta shi ba. A nan ne Asma'u ta yi dabarar da ta fi komai ɗorewa, watau 'Yan Taru. Ta zaɓi dattawan mata masu hankali da riƙon amana daga ƙauyuka, ta riƙa koyar da su a ɗakinta. Ana kiran kowace ɗaya jaji. Karatun kuwa a waƙe yake, da Hausa da Fillanci, don a haddace a kan hanya, a rera a bakin turmi ko wajen kaɗi: sunayen surori, tauhidi, tsarki da salla, tarihin Annabi (S.A.W.), da labarin salihan mata na da, wanda ta tsara a 1837. In jaji ta ƙware sai Asma'u ta yi mata naɗi, ta sa mata malfa ta ɗaura jan ƙyalle a kai. Malfar nan a da alama ce ta Innar Gobir, shugabar masu bori. Kun ga hikima, matan ƙauye sun san mai malfa ita ake kai wa kuka, sai ga malfar ta dawo kan mai karatu.

Jaji takan taho da ƙafa da ayarinta na tsofaffi da 'yan mata waɗanda ba su yi aure ba, don matan aure masu goyo ba sa samun fita. Su zo da sadakar hatsi da man shanu da zuma, Asma'u ta rarraba wa mabukata. Su koma gida su shiga ɗaki ɗaki. Aikinsu bai tsaya ga biya karatu ba. Suna zama da mai takaba, su karɓi haihuwa, su wanke gawar mace, su sasanta rigimar gida. Tsohuwa tana shiga inda liman ba zai shiga ba, kuma ana gaya mata abin da ba za a taɓa faɗa a zaure ba.

Ni a nan nake tsayawa in dubi garuruwanmu. A shekarun nan masu garkuwa da mutane sun ɗaiɗaita ƙauyuka a sassan Giwa da Birnin Gwari, wasu matan sun dawo gida amma hankalinsu bai dawo tare da su ba. Akwai kuma wadda ba ɗan bindiga ne ya taɓa ta ba, mijinta ne yake jibgarta, in ta yi yaji a ce ta yi haƙuri a mayar da ita. Akwai yarinyar da aka aika talla lokacin rake ko tumatir, wani ya lalata ta, gida ya rufe maganar don gudun abin kunya, ita kuwa aka bar ta da abin a ciki, in ta fara zabura cikin dare a ce aljanu ne. Addu'a magani ce, ba mu ja. Amma a haɗa da asibiti. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Shika da Barnawa a Kaduna, an buɗe cibiyar Salama a Asibitin Gambo Sawaba na Zariya domin waɗanda aka yi wa fyaɗe, Jihar Kaduna kuma ta yi dokar hana cin zarafi a 2018. Abin da ya yi mana ƙaranci a Ikara da Maƙarfi da Kudan shi ne jaji, macen da aka koya wa yadda za ta saurara, ta riƙe sirri, ta san lokacin da za ta ce a tashi a tafi asibiti. Ajin matan aure na Islamiyyunmu cike yake da waɗanda za su iya.

Ita kanta Asma'u ba ta ɓoye nata baƙin cikin ba. Ta yi wa Bello marsiyya da ya rasu a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha, inda ta nuna hawaye a kan rashi ba saɓo ba ne muddin ba a yi kururuwar jahiliyya ba. Ba manya kaɗai ta yi wa ba. Ta yi wa Zaharatu, mai zuwa wajen masu naƙuda da wankan gawa, ta yi wa Hauwa'u, jajin da ta shekara da shekaru tana kawo mata ayari. Ba don waɗannan waƙoƙi ba da ba wanda zai san sunayensu yau.

Ta rasu a 1864, watau 1280 bayan Hijira, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare, Sakkwato. Ta bar rubuce-rubuce kimanin 60. Ƙanwarta Maryam, wadda ta taɓa zama a Kano a gidan Sarki Ibrahim Dabo, ita ta karɓi jagorancin 'Yan Taru, aikin ya ci gaba har bayan zuwan Turawa a 1903. Wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta samu takardunta ta hannun Waziri Junaidu, wanda jininta ne, ta fitar da tarihinta a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka buga ayyukanta a haɗe a 1997. Daga baya wasu mata Musulmi a birnin Pittsburgh na Amurka suka kafa nasu 'Yan Taru, suna kiran shugabanninsu jaji. Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya kai haske kabarinta, amin.