Alhaji Mamman Shata, mawaƙin da muryarsa ta ƙetare iyaka

An haifi Muhammadu Shata a garin Musawa, cikin ƙasar Katsina, wajen shekara ta 1923. Gidansu ba gidan makaɗa ba ne, kuma mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya shiga waƙa ba, domin a wancan zamani roƙo ake ɗaukarta. Yaron ya yi noma, ya yi tallan goro, amma da dare ya yi sai dandali. Tun yana waƙa don nishaɗi har ta zame masa sana'a.

A lokacin nan, babban mawaƙi yakan kasance da ubangida guda, kamar yadda Ibrahim Narambaɗa yake ga Sarkin Gobir na Isa. Ubangida ke ci da shi, shi kuwa ya wasa shi. Shata bai bi wannan hanya ba. Bai zama makaɗin kowace fada ba. Ya ɗauki kalangu, kiɗan mahauta da ƴan mata, ya tara ƴan amshi, ya shiga duniya. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa attajirai, da direbobi, da manoma, da mata. Wanda ya kyautata masa ya yabe shi, wanda ya saɓa masa ya sha zambo.

Abin da ya ƙarfafa wannan ƴanci nasa shi ne na'urar ɗaukar murya. Shata ba ya rubuta waƙa. Nan take yake ƙaga ta a gaban jama'a, shi ya sa waƙa guda takan fito iri-iri. Da ba don na'ura ba, da yawancinsu sun bi iska. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya ɗauki waƙoƙinsa masu yawa, kamfanin EMI kuma ya buga su a faifai. Daga baya kaset ya zo, mai araha da sauƙin ɗauka.

Ta haka muryarsa ta iso Nijar ba tare da takardar ƙetare iyaka ba. Birnin Ƙonni na bakin iyaka, a kan hanyar Sakkwato, kuma kaset na shigowa tare da sauran hajar fatake. A Ƙonni, da Malbaza, da Illela, mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba sun haddace amshin waƙoƙinsa a tasha, da kasuwa, da gindin rediyo.

Faya-fayensa sun zama kamar kundin tarihi. A cikinsu akwai Bakandamiya, inda yake wasa kansa. Akwai waƙar da ya yi wa sojoji lokacin yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970. Akwai ta kumbon Apollo 11, wanda ya kai ƴan Amurka duniyar wata a 1969. Masana ma sun gane darajarsa: a 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirin dakta a kansa a Amurka, a 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa.

Allah ya yi masa rasuwa a Kano ranar Juma'a, 18 ga watan Yuni, 1999. An yi jana'izarsa a Daura, garin masoyinsa Sarki Muhammadu Bashar.

Waƙoƙinsa sun yi yawan da shi kansa bai riƙe adadinsu ba. Abin da na'ura ta ɗauka shi ne gadon da ya bari, amma faifai na karyewa, zaren kaset na tsinkewa, zafi da ƙura na cinye su. Duk mai tsohon kaset na Shata a cikin adaka, amana ce a hannunsa; ya kyautu a kwafe shi tun bai lalace ba. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.