Nana Asma'u 'Yar Shehu, Uwar 'Yan Taru

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, a darasin tarihi mun haddace sunayen Shehu da Abdullahi da Bello. Amma kaɗan daga cikinmu suka san hidimar da Nana Asma'u ta yi wa marasa galihu.

An haife ta a Ɗagel cikin shekarar 1793, tagwaye ne ita da Hassan. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yaƙi da yunwa da idonta. Ta yi karatu a gidan mahaifinta, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta yi rubuce-rubuce da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Bayan yaƙe-yaƙen jihadi, ƙasa ta cika da matan da mazajensu suka mutu, da marayu, da matan da aka kamo, ba su da dangi, ba su da ilmi. Matan ƙauye kuwa, matsawar suna ɗakin aure, ba su da halin zuwa Sakkwato. Saboda haka wajajen 1830 Nana ta fito da dabara. Ta zaɓi dattijai mata masu amana, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa da jan rawani alamar izini. Jaji kan jagoranci tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyensu, su zo a ƙasa su ɗauki karatu cikin waƙoƙi masu sauƙin haddacewa, su koma su koyar da na gida. Su ake kira 'yan taru.

Aikinsu bai tsaya ga karatu ba. Sukan duba marasa lafiya, su yi wa mata wankan gawa, su sasanta masu husuma. Kyautar hatsi da zuma da suke kawo wa Nana kuwa, mabukata take raba wa.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Abin da yau muke kira aikin jin daɗin jama'a ke nan. Nana ba ta jira mabukaci ya zo ƙofarta ba, ta aika masa da wadda ta san harshensa da gidansa. Ya kamata ƙungiyarmu ta yi koyi, mu fara da iyalan abokan karatunmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙanta, amin.