AGUSTIN NA HIPPO (354-430): ƊAN AFIRKA ABIN ƘAUNAR MALAMAN IKILISIYA

A wannan biki na shekara 50 mu tuna da wani kakanmu cikin bangaskiya. An haifi Agustin a shekara ta 354 a Tagaste, cikin ƙasar Aljeriya ta yau. Ya yi ilimi mai zurfi, amma ya bijire wa Ubangiji. Mahaifiyarsa Monika ba ta fasa yi masa addu'a da hawaye ba, har Bishop Ambrose ya yi masa baftisma a Milan a 387. Ya koma Afirka, ya zama bishop na Hippo, ya yi kiwon garken Allah fiye da shekara 30. Ya rasu a 430, sa'ad da maƙiya suka kewaye birnin.

Ya koyar cewa ceto alherin Allah ne, ba ƙoƙarin mutum ba. Saboda wannan shugabannin ikilisiya suka ƙaunace shi. Martin Luther ya fito daga ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa. John Calvin ya dogara ga littattafansa ƙwarai. Paparoma Leo na 14, wanda aka zaɓa a 2025, ɗan ƙungiyar ne. A Jos ma akwai makarantar horar da firistoci mai sunansa.

Iyaye mata, kada ku fid da rai a kan 'ya'yanku.