Sarki Tanimun, wanda ya sa maƙeran Damagaram suka ƙera igwa

A tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da akasarin sarakunan wannan yanki ke jiran ayarin raƙuma ya kawo musu bindiga da albarushi daga Tarabulus, birnin Zinder ya kai matsayin da ake haɗa albarushi a cikinsa, ana kuma ƙera igwa da harsashinta. Mutumin da ya sa aka yi wannan aiki shi ne Sarkin Damagaram Tanimun ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu a shekarar 1884 bayan ya yi sama da shekaru 30 a kan gadon sarauta.

Asalin gidan sarautar da ya fito daga ciki yana komawa ne ga Malam Yunus, wani malami da ya zo daga ƙasar Barno ya zauna a wannan yanki a wajen shekarar 1731. Zuriyarsa sun daɗe suna sarautar ƴan ƙauyuka, suna sauya mazauni daga wannan gari zuwa wancan. Sai a zamanin mahaifin Tanimun, wato Sulaimanu, wanda ya yi mulki daga 1812 zuwa 1822, aka mayar da fada Zinder. Ko a lokacin ma Damagaram tana ƙarƙashin Barno ne. Kowace shekara akan kai gaisuwa Kukawa, kuma Shehun Barno yana da ta cewa a kan wanda zai hau sarauta da wanda zai sauka.

Tanimun ya ɗanɗana ɗacin wannan tsari tun da wuri. Bayan Sulaimanu, ɗan'uwansa Ibrahim ne ya hau. A 1841 sarauta ta dawo hannun Tanimun, amma shekaru biyu kawai ya yi, a 1843 Ibrahim ya sake karɓe ta. Rigima ce ta ƴan gida ɗaya, sai dai Kukawa tana da hannu a cikinta. Da ya dawo mulki karo na biyu a farkon shekarun 1850, ya zo da darasin da ya koya: sarkin da ba shi da ganuwa, ba shi da makamin kansa, rawaninsa aro ne.

Aikinsa na farko shi ne gina ganuwa. A tsakiyar shekarun 1850 aka kewaye birnin da katanga mai kauri da tsayi, ta jar ƙasa, da ƙofofin da ake rufewa idan dare ya yi. Abin da ke cikin wannan katanga shi ne unguwar da har yau ake kira Birni, inda fadar sarki take. A wajenta kuma aka bar Zango, masaukin Abzinawa da Larabawa da sauran fatake.

Zango ita ce ta ciyar da burin sarkin. Zinder tana kan hanyar da ke tasowa daga Kano ta bi ta Agadas da Gat har Tarabulus. Ayari kan tafi arewa da jemammun fatu da gashin jimina da bayi, ya dawo da tufafi da takarda da takubba da bindigogi. Tanimun ya kyautata wa fatake, ya tsare musu hanya, fada kuma ta shiga cinikin da kanta. Da wannan riba ya sayi dubban bindigogi.

To amma bindigar wancan zamani, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, sanda ce kawai idan albarushin ya ƙare, ga shi kuma ayari yakan yi watanni kafin ya ƙetare hamada. A nan ne dabarar Tanimun ta fito. Albarushi haɗin abu uku ne: gawayi, da farar wuta, da wani irin gishiri da ake tacewa daga ƙasa. Gawayi da gishirin ana samunsu a gida, farar wuta ce ake sayowa daga arewa, ita kuma ba ta da nauyin ɗauka. Sarki ya tara masu sana'a a kusa da fada suna daka suna haɗawa. Daga nan maƙera suka wuce zuwa abin da ya fi wuya, wato igwa, tare da harsashinta da keken da ake ɗora ta a kai.

Ba a Zinder aka ƙirƙiro igwa ba, an daɗe da saninta a duniya. Abin lura shi ne yadda maƙeran da suka saba da fartanya da mashi da linzami suka iya sarrafa ƙarfe har ya zama bututun da zai jure fashewar albarushi, ba tare da injin ko ɗaya ba, sai zugazugi da gawayi da guduma. Labarin ya yi nisa. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Gustav Nachtigal, wanda ya isa Kukawa a 1870, ya tarar fadar Shehu Umar tana cikin damuwa da ƙarfin da Sarkin Damagaram ya tara.

Waɗanda sarki ya damƙa wa bindigogin galibi bayin fada ne, ba ƴaƴan sarauta ko hakimai masu dawaki ba. Dalilin a fili yake. Wanda ɗan'uwansa ya taɓa raba shi da sarauta ba zai so makami mafi haɗari ya zauna a hannun dangi ba. Bawa kuwa ba shi da gadon sarautar da zai nema, arzikinsa yana tare da na ubangidansa.

Da wannan runduna Tanimun ya faɗaɗa ƙasarsa. Ya mallaki ƙasashen Sosebaki, irin su Mirya da Dungas da Waca, ya haɗiye Muniyo ta gabas, alhali dukkansu a da Barno suke bi. Ta kudu kuma dakarunsa sun addabi Gumel da Kazaure da Haɗeja, har Kano ta san da zamansu. Bai fito fili ya yanke hulɗa da Kukawa gaba ɗaya ba, amma ya kai matsayin da Shehu ba ya iya tuɓe shi kamar yadda aka saba.

Wannan ƙarfi yana da farashi, kuma talakawa ne suka biya. Yaƙe-yaƙen Damagaram da yawa farautar mutane ce. Ana kama mazauna ƙauyuka, wasu a sa su noma da gini da aikin soja, wasu a sayar wa fataken arewa a karɓi makamai. Tun kafin Tanimun ya dawo mulki, Baturen Ingila James Richardson, wanda ya zauna a Zinder a farkon 1851, ya rubuta yadda ake fita irin wannan hari ana dawowa da kamammu. Zamanin Tanimun bai rage abin ba, sai ma ƙara shi da ya yi. Duk wanda zai yaba ganuwar Birni ya kamata ya tuna da waɗanda suka kwaɓa ƙasarta.

Bayan rasuwarsa a 1884, ƴaƴansa sun yi ta ja-in-ja a kan gado, har sarauta ta isa hannun Amadu Kuran Daga a 1893. Shi ne ya kai yaƙi ƙasar Kano, kuma a zamaninsa ne aka kashe hafsan sojan Faransa, Kyaftin Cazemajou, a Zinder cikin watan Mayun 1898. Shekara guda bayan haka, a watan Yulin 1899, sojojin Faransa suka gwabza da rundunar Damagaram a Tirmini. Bindigogin ɗuri da igwar gida ba su iya tsayawa gaban bindigogin Turawa masu saurin harbi da dogon zango ba. Shekaru 15 kacal da rasuwar Tanimun, birnin da ya kewaye da ganuwa ya faɗa hannun baƙi. Zinder ta zama hedikwatar mulkin mallaka daga 1911, kafin a mayar da ita Yamai a 1926.

A yau ganuwar ta zube, sai ƴan guntaye nan da can, amma fada tana nan ana zaman sarauta a cikinta. A shekarar 2006 Nijar ta shigar da unguwar Birni da fadar cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Marigayi Farfesa André Salifou, ɗan Zinder wanda jami'ar birnin ke ɗauke da sunansa, ya rubuta littafi a kan Damagaram ta ƙarni na 19, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo mai suna Tanimoune. Ita ma ganuwar soja da Faransawa suka gina a kan duwatsun Zinder suka sa mata sunan Cazemajou, bayan samun ƴancin kai an sauya mata suna zuwa na Tanimun.