Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya (1944–1995): Rayuwar Mai Tattara Adabin Hausa da Rubuta Tarihinsa

Tsakure

Maƙalar ta bi rayuwar marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ta hanyar ayyukan da ya bari, tun daga tatsuniyoyin da ya tattara a farkon shekarun 1970 har zuwa littafinsa Hausa a Rubuce na 1988. Ta nuna cewa ginshiƙin aikinsa shi ne zaɓe, domin abin da ya ɗauka ya sa a littafi shi ne ya zama abin da ɗalibai da dama suka fara sani da sunan adabin Hausa. Daga nan ta duba nauyin da hakan ya ɗora wa manazartan da suka biyo bayansa.

1.0 Gabatarwa

Da wuya a buɗe kundin digiri a kan adabin Hausa, a Kano ko Zariya ko Sakkwato, ba a ci karo da sunan Yahaya da shekarar 1988 a babin bitar ayyukan da suka gabata ba. Yawan ambaton ya sa sunan ya koma tamkar sallama a ƙofar gida, a yi ta a shige. Kaɗan ne suke tsayawa su tambayi halin da mutumin ya tarar da fagen, da gurbin da ya yi niyyar cikewa, da kuma inda aikinsa ya tsaya. Waɗannan tambayoyi ne suka cancanci a bi rayuwarsa da su.

2.0 Zamaninsa da Wurin Aikinsa

An haifi Ibrahim Yaro Yahaya a Kano a shekarar 1944. A lokacin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tana da shekara biyar da kafuwa, Magana Jari Ce ya riga ya shiga makarantu, Kamfanin Gaskiya na Zariya kuwa sai a shekara ta gaba aka kafa shi. Ke nan yana cikin sahun farko na yaran da suka tashi suka tarar da littattafan Hausar boko a aji, alhali tatsuniya da wasannin dandali suna nan da ƙarfinsu a gida.

Sa'ad da ya shiga fagen ilimi, nazarin Hausa a matakin jami'a ya fi ƙarfi a ƙasashen waje, musamman Ingila da Jamus da Amurka, kuma da harsunan can ake rubuta sakamakonsa. A 1969 aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, wadda a lokacin take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, kafin ta zama Jami'ar Bayero mai cin gashin kanta a 1977. A wannan muhalli Yahaya ya yi rayuwarsa ta aiki har ya kai matsayin farfesa. Yana cikin waɗanda suka taimaka wa Paul Newman da Roxana Ma Newman wajen haɗa Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci da ya fito a 1977. Shi da Abba Rufa'i ne suka shirya takardun taron ƙasa da ƙasa na farko kan harshe da adabi da al'adun Hausawa da aka yi a Kano a 1978, suka kuma sake yin wannan aiki tare da Al-Amin Abu-Manga bayan taro na biyu.

3.0 Tattara Adabin Baka

Ba shi ne farkon wanda ya rubuta tatsuniyoyin Hausa ba. J. F. Schön ya fitar da Magana Hausa a 1885. Frank Edgar ya buga juzu'i uku na tatsuniyoyi da labarai tsakanin 1911 da 1913, R. S. Rattray da A. J. N. Tremearne kuma kowannensu ya fitar da nasa a 1913. Sai dai waɗannan ayyuka an yi su ne domin Turawa masu koyon harshen da masu son sanin halin mutanen da suke mulka. Malaman da suka rubuta wa Edgar yawancin matanonin da ajami ba su ne aka nufa da karatun ba, balle 'ya'yansu.

Tatsuniyoyi da Wasanni, juzu'i shida da Kamfanin Ɗab'i na Jami'ar Oxford ya fara fitarwa a 1971, ya juya akalar. Bahaushe ne ya tattara, da daidaitacciyar Hausa ya rubuta, yaron Bahaushe kuma ya nufa. Haɗa tatsuniya da wasa a littafi ɗaya shi kansa ra'ayi ne na nazari, domin yana nuna cewa hirar dare a ɗakin tsohuwa da gaɗar 'yan mata a dandali makaranta ɗaya ce. Bayansa sai Labarun Gargajiya ya biyo, inda aka ware labaran da jama'a suke ɗauka sun auku daga ƙagaggun zantuka irin na Gizo da Ƙoƙi. A 1971 ɗin kuma ya fitar da Daren Sha Biyu, inda ya mayar da wani wasan kwaikwayo na Shakespeare zuwa Hausa.

Darajar wannan tattarawa tana ƙara fitowa idan aka dubi abin da ke faruwa a karkarar Kano a waɗannan shekaru. A al'ada, daga kaka zuwa bazara ne lokacin da ƙauye yake sakewa, a yi bukukuwan aure da kokawa da dambe, yara su raba dare a dandali. A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, ruwanta ya gangara zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, rani ya zama lokacin alkama da tumatir. A 1976 shirin ilimin firamare ga kowa ya kwashi yara zuwa aji, rediyo da talabijin kuma suka fara cin lokacin hira. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kashe tatsuniya shi kaɗai, amma haɗuwarsu ta rage mata fili da lokaci. Yahaya ya kai ta aji daidai lokacin da yaran suke komawa can.

4.0 Daga Tattarawa zuwa Nazari

Kundin digirinsa na uku, wanda ya kammala a ƙarshen shekarun 1970, ya duba yadda adabin baka yake tarbiyyantar da Bahaushe tun daga ƙuruciya har ya zama cikakken mutum a cikin al'umma. Tun kafin nan, a 1973, ya buga maƙala a mujallar Kano Studies a kan kishi tsakanin matan gida ɗaya. Duka ayyukan biyu sun tafi a kan fahimta ɗaya, wato a auna tatsuniya da waƙa da karin magana da aikin da suke yi a rayuwar masu su. Wannan ya sa nazarinsa ya fi karkata ga jigo da tarbiyya da dangantakar adabi da al'ada.

Bai taƙaita ga jami'a ba. A 1986 shi da Abdulƙadir Ɗangambo suka fitar da Jagoran Nazarin Hausa, daga baya kuma ya haɗa hannu da wasu malamai, ciki har da Sa'idu Muhammad Gusau, wajen rubuta Darussan Hausa domin manyan makarantun sakandare. Ta irin waɗannan littattafai ne kalmomin nazari da Hausa suka sauka daga ɗakin taro zuwa allon aji, har ya zama ɗalibi yana iya tattauna zube da waƙa da wasan kwaikwayo ba tare da ya ari bakin wani harshe ba.

5.0 Hausa a Rubuce

A 1988 Kamfanin NNPC na Zariya ya buga Hausa a Rubuce: Tarihin Rubuce-Rubuce Cikin Hausa. Littafin ya ɗauko zaren tun daga zuwan Musulunci da rubutun ajami, ya ratsa waƙoƙin masu jihadi na ƙarni na 19, ya zo ga Turawan da suka fara rubuta Hausa da boko. Daga nan ya bi hukumomin da suka riƙe harkar ɗab'i ɗaya bayan ɗaya: Hukumar Fassara, da Hukumar Talifi ta zamanin Rupert East wadda ta shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shehu Umar da Idon Matambayi, sai Kamfanin Gaskiya, da NORLA, da NNPC da aka kafa a 1966. Ya kuma kawo tarihin marubuta da ayyukansu.

Kafin wannan littafi, mai son cikakken hoton tarihin rubutun Hausa sai ya tsinto shi daga maƙalu da kundaye warwatse, mafi yawansu da Ingilishi. Yahaya ya tara su wuri ɗaya, ya jera su bisa zamani, ya kuma yi hakan da harshen da ake ba da tarihinsa. Shi ya sa littafin ya zama mafarin kowane ɗalibi.

6.0 Nauyin Zaɓe

Duk mai tattarawa alƙali ne, ko da bai zauna a kujerar shari'a ba. Tatsuniyar da ta shiga littafin makaranta takan zama ita ce sahihiya a idon yaro, sauran ire-irenta na Katsina ko Gobir ko Damagaram su koma kamar kuskure. Rubutu kuma ba ya ɗaukar muryar mai ba da labari, da karin waƙar da ke tsakiya, da amshin masu sauraro. Manazarcin da ya ɗauki matanin Tatsuniyoyi da Wasanni a matsayin tatsuniyar baka kai tsaye, bai lura da hannun da ya tace ta domin aji ba, ya tsallake mataki mai muhimmanci.

Haka abin yake ga Hausa a Rubuce. Tarihi ne da aka gina a kan hukumomi da kamfanoni, kuma ya fito daidai lokacin da harkar take kuɓuce musu. Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1987, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, marubuta suka koma buga littattafansu da kansu. Muhawarar da ta biyo baya a kan Adabin Kasuwar Kano, wadda Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka yi fice a cikinta, ta shafi zamanin da littafin bai riska ba. Wannan ba aibi ba ne ga marubucin da ya ajiye alƙalami a 1988. Abin dubawa yana ga wanda har yau yake kafa hujja da littafin a kan abin da ya faru bayansa, ko yake kwafe shekara da suna daga cikinsa ba tare da komawa ga asalin bugun ba.

7.0 Kammalawa

Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya rasu a 1995 yana da shekara hamsin da ɗaya, a lokacin da malami yake kan ganiyarsa. Ya tarar da nazarin Hausa yana dogaro da abin da baƙi suka tattara, ya bar shi da matanoninsa da kalmominsa da tarihinsa cikin harshensa. Hanyar girmama irin wannan aiki ita ce a yi masa abin da shi ya yi wa na magabatansa: a kwatanta tatsuniyoyinsa da na Edgar da waɗanda har yanzu ake ji a bakin tsofaffi, a bi shekarun da ya kawo a tabbatar da su, a kuma rubuta tarihin shekarun da suka biyo bayan 1988 da irin haƙurin da ya rubuta na gabaninsu. Allah ya jiƙansa da rahama.