Rayleigh Ƙarami, Mai Awon Hasken Dare

Duk wanda ya zauna ajin fiziks ya ji sunan Rayleigh, mutumin da ya bayyana dalilin da ya sa sama take shuɗiya da rana. To, yau ba shi muke nufi ba, ɗansa ne.

An haifi Robert John Strutt a Terling, ƙasar Ingila, a 1875. Babansa ya ci kyautar Nobel a 1904, kun ga kuwa ɗan da ya bi sana'ar irin wannan uba ya ɗauko wa kansa kaya. Ya zama farfesa a Imperial College ta Landan a 1908. Da uban ya rasu a 1919 ya gaji sarautar gidan, ya koma Terling ya ci gaba da bincike a ɗakin gwajinsu.

Uba ya ɗauki rana, ɗa ya kama dare. Ko babu farin wata, sama ba ta yin baƙi ƙirin: iskar oksijin da ke wajen kilomita 100 sama tana fitar da wani koren haske mai rauni ƙwarai. Shi ya bambance shi da hasken aurora na ƙasashen ƙanƙara, domin wannan kullum yana nan, a ko'ina, har saman makarantarmu. A 1929 ya auna ƙarfinsa, daga ƙasa fa, ba tauraron ɗan'adam ko ɗaya a lokacin.

Ya rasu a 1947. A 1956 aka sa wa ma'aunin wannan haske suna rayleigh, don ɗan, ba uban ba. Tauraron ICON da NASA ta harba a 2019 wannan koren hasken ya riƙa bi don gano tafiyar iska a can sama.