George Washington Carver, Malamin Gona na Talakawa

An haifi George Washington Carver wajen shekarar 1864 a jihar Misuri ta ƙasar Amurka, cikin ƙangin bauta. Mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi. Yana jinjiri mahara suka sace shi tare da mahaifiyarsa, Mary. An samo yaron, amma ba a sake jin ɗuriyar uwar ba. Moses Carver, wanda ya mallaki mahaifiyar, shi da matarsa Susan ne suka rene shi bayan an haramta bauta a 1865.

Neman ilimi

Makarantar garinsu ba ta karɓar baƙar fata, don haka tun yana yaro ya bar gida. Ya yi yawo gari-gari, yana wanki da girki da ƙwadago domin ya biya kuɗin karatu. Wata kwaleji a jihar Kansas ta ba shi gurbi ta wasiƙa, amma da ya iso aka ga launin fatarsa sai aka mayar da shi. Bai karaya ba. A 1891 ya shiga kwalejin aikin gona ta jihar Ayowa, inda ya sami digiri na farko a 1894, na biyu kuma a 1896.

Aikinsa a Tuskegee

A 1896 Booker T. Washington ya gayyace shi ya shugabanci sashen noma na makarantar Tuskegee da ke jihar Alabama. Manoman wurin yawancinsu 'yantattun bayi ne da 'ya'yansu. Shekara da shekaru auduga kaɗai ake shukawa, har ƙasa ta gaji, amfani ya ragu, bashi ya yi musu katutu. Ba su da kuɗin sayen takin zamani.

Carver ya gina koyarwarsa a kan abin da talaka yake da shi a hannu. Ya nuna musu yadda ake haɗa taki da ganyaye da kashin dabbobi da laka. Ya koya musu sauya shuka: bana auduga, baɗi wake ko gyaɗa. Dalili kuwa shi ne, a saiwar wake da gyaɗa akwai ƙananan ƙulle-ƙulle masu ɗauke da ƙwayoyin halitta da ke jawo sinadarin naitirojin daga iska su ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ya kuma ƙarfafa noman dankali domin iyali su sami abinci.

Da ya lura manoma ba su da halin zuwa makaranta, sai ya kai musu makarantar. A 1906 ya tsara keken doki mai ɗauke da garma da iri da kayan gwaji. Thomas Campbell, wanda ya yi karatu a Tuskegee, shi ne ya riƙa zagayawa da shi ƙauye-ƙauye, yana gwada aiki a gonar manomi a gaban maƙwabtansa. Carver ya kuma rubuta ƙananan littattafai 44 cikin sauƙin harshe. Na 1916 ya bayyana noman gyaɗa da hanyoyi 105 na sarrafa ta don ci.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Ya shafe shekara 47 a Tuskegee, ya rasu ranar 5 ga Janairu, 1943. Bai yi aure ba, kuma ya bar abin da ya tara ga gidauniyar binciken noma. An fi tunawa da shi saboda kayayyakin da ya sarrafa daga gyaɗa, amma kaɗan ne cikinsu suka shiga kasuwa. Koyarwarsa ce ta ɗore.

Manomin Magarya ko Dungas, a jahar Damagaram, ba baƙo ba ne ga wannan ilimi. Duk wanda ya haɗa hatsi da wake, ya kai takin gida gona, ya bar gawo ya tashi a cikin shukarsa, yana ciyar da ƙasa ne da abin da ke kusa da shi. Aikin malamin gona shi ne ya taka har gonar, ya saurari mai ita, sannan su gwada tare.